Malamin Da Ya Koma Almajiri

 

Abin da ya jawo maganarmu ta yau wata tambaya ce da wani ɗalibi ya jefo mana a aji, ran nan muna darasi a kan sana'o'i. Mun ce kowa ya faɗi aikin da yake so ya yi idan Allah ya raya shi. Wannan ya ce likita, wancan ya ce ma'aikacin duwan, wani kuma ya ce shi dai direban babbar mota zai zama, ya riƙa zirga-zirga tsakanin Kwatano da Malanville. Can sai wani yaro wanda bai cika magana ba ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, akwai lakwal ɗin da ake koyon kiɗa?" Kafin mu buɗe baki aji ya kece da dariya, har wani daga baya ya ce, "Ku ji ɗan maroƙa!" Yaron ya sunkuyar da kai, bai sake cewa uffan ba har aka tashi.

Mun san gidan su yaron nan. Kakansa tsohon makaɗin kalangu ne, wanda a da ba a ɗaurin aure ko suna a unguwarmu sai da shi. Yau kuwa idan ana biki sai a ɗauko manyan akwatunan amsa-kuwwa a jona waya, tsohon yana gefe a zaune da kalangunsa a hammata, in an tuna da shi a miƙa masa goro. A ranar mun ba yaron amsa a gurguje, muka ce masa akwai. Yau muna so mu ba da cikakkiyar amsa, kuma iyaye muke nufi da ita fiye da yara, domin dariyar da aka yi a aji daga gida aka zo da ita.

Idan mutum ya ƙetare Kogin Kwara daga nan ya faɗa Gaya, ya bi ta Doso, bayan tafiyar kusan kilomita 300 zai isa Yamai. A can akwai wata cibiya da ake kira CFPM a taƙaice, wato cibiyar koyar da kiɗa da ɗaukaka shi, wadda aka raɗa wa sunan marigayi Elhaji Taya, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan zamani a ƙasar Nijar. An buɗe ta ne wajen shekarar 1990, da taimakon kuɗi daga asusun raya ƙasashe na Tarayyar Turai. Lokacin kuwa ya dace, domin bayan rasuwar Shugaba Seyni Kunce a 1987 al'amura sun ɗan sassauta a ƙasar, kuma ga gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, wadda aka sa wa sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, ta zaburar da matasa ƙwarai. Sai dai matasan nan suna da murya da sha'awa, amma ba su da wurin gwaji, ba su da kayan kiɗa na kirki, ba su da mai gyara musu. Wannan giɓi ne cibiyar ta zo ta cike. Ana koyar da kayan kiɗan Turawa irin su jita da fiyano da yadda ake karanta kiɗa a rubuce, ana kuma koyar da namu na gado. Daɗin daɗawa, an ware ɗaki guda aka tara kayan kiɗan ƙabilun ƙasar, na Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari da sauransu, don kada su salwanta.

Masu magana sun ce da ganin ɗan gida ake sanin tarbiyyar gida. Saboda haka ba za mu ɓata lokaci a kan gini da kujeru ba, bari mu duba mutanen da suka koyar a wurin da waɗanda suka fito daga cikinsa.

Daga cikin waɗanda suka shugabanci cibiyar akwai Dakta Mahaman Garba, mawaƙi kuma masanin kiɗe-kiɗen gargajiya. Shi wannan bawan Allah, digirinsa na dakta ya yi shi ne a jami'ar Strasbourg ta ƙasar Faransa a 1992, kuma abin da ya rubuta littafin digirin a kansa shi ne kiɗan Hausawan Nijar. Jama'a, a sake karanta wannan jimla. Wato kiɗan nan da yaranmu suke yi wa dariya a aji, shi ne wani ya ɗauka ya kai gaban manyan shehunan malamai a Turai, suka zauna suka saurara, suka ba shi digiri mafi girma a kansa. Ashe abin da muke takawa a ƙofar gida, a wani wuri a kan tebur ake ɗora shi.

Sai kuma matasan da suka taru a inuwar cibiyar a farkon shekarun 1990. A cikinsu akwai Sa'adu Bori na Maraɗi, da Musa Pusi, da Fati Mariko, da Adams Junior mai kiɗan rege. A 1994 aka fitar da faifan Sa'adu Bori da Musa Pusi mai suna Niamey Twice, wanda shahararren mai shirya faifai Ibrahima Sylla ɗan ƙasar Senegal ya ɗauki nauyinsa, kuma ya shiga kasuwannin Turai. Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba su manta lokacin da kaset ɗin Sa'adu Bori ya cika tashoshin mota da rumfunan masu shayi ba, daga Maraɗi har Kano, har nan bakin gadarmu. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko amon kiɗan bori da ya tashi yana ji a garinsu, ya ɗora shi a kan jita da gangunan zamani, ya rera da Hausa tsantsa. Allah ya yi masa rasuwa a haɗarin mota a 2008. Allah ya jiƙansa.

Na biye da su shi ne Yakuba Mumuni, mai busa sarewa, wanda aka fi sani da Danke-Danke. An haife shi a 1966 a yankin Tera. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya shigo Yamai yana yaro ba shi da kowa, har wata mawaƙiya mai suna Absatu Dante ta ɗauke shi ta riƙe. A hannunta ya fara koyon waƙa, ya koyi sarewa a wurin gwanaye, ya shiga ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta ƙasa, daga nan ya zo wannan cibiya. A nan ne ya haɗa kai da gwanin jita Abdullahi Alhasan, suka kafa ƙungiyar Mamar Kassey a 1995. Sun haɗa sarewa da molo da kalangu da ƙwarya da jitar lantarki wuri guda, suka fitar da faifai a 1999 da 2000, da wani kuma a 2013, suka zaga ƙasashen Turai da Amurka. Sunan ƙungiyar ma ba baƙo ba ne ga maƙwabtanmu Dandawa, domin Mamar ɗan Kassey shi ne sunan da labaran baka na Songai suke kiran Askiya Muhammadu da shi, kuma nan ƙasar Dandi ce zuriyar Askiya ta dawo ta kafa mulki bayan da rundunar Maroko ta ci daular Songai a 1591. Ku duba fa, maraya mai kwana a titi, yau sunansa ya kai inda na masu kuɗin garinsu bai kai ba.

Amma wanda labarinsa ya fi taɓa mu, mu da muke riƙe da alli, shi ne marigayi Malam Maman Barka. An haife shi a Teskar, can cikin yankin Damagaram, a gidan Tubawa makiyaya. Ya yi karatun boko ya zama malamin firamare kamarmu, shi ya sa ake ce masa Malam. Yana koyarwa yana kaɗa gurmi mai tsirkiya biyu, yana waƙa da Hausa da sauran harsunan gabashin Nijar, har ya yi suna a Nijar da arewacin Nijeriya. Daga baya ya koma aiki a wannan cibiya ta Yamai, yana koyarwa yana kuma kula da kayan kiɗan gargajiya.

To, a bakin Tafkin Cadi akwai wasu mutane masunta da ake kira Buduma. Suna da wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da suke kira biram, wanda aka sassaƙa shi da siffar kwalekwale aka rufe da fata. A wurinsu ba abin wasa ba ne, ba kowa ke taɓa shi ba sai wanda aka koya wa aka kuma yarje masa. Amma zamani ya juya. Tafkin ya ja baya ƙwarai tun daga farin shekarun 1970 da 1980, jama'a suka warwatsu neman abinci, samari kuma hankalinsu ya koma ga rediyo da kaset. Aka wayi gari saura tsoho ɗaya tak da aka sani ya iya biram bisa ƙa'idarsa, sunansa Bukar Tar, kuma babu yaron da ke zuwa koyo a wurinsa.

A 2002 Malam Maman Barka ya sami tallafi daga hukumar UNESCO, ya bar Yamai, ya ratsa ƙasar tun daga yamma har ƙuryar gabas, ya je ya durƙusa gaban wannan tsoho. A lura fa, a lokacin ya haura shekara arba'in, yana da suna, yana da albashi, yara suna tashi tsaye idan ya shiga aji. Duk ya ajiye wannan a gefe ya koma almajiri, a gaban mutumin da bai taɓa zama a kan bencin lakwal ba. Ya koyi kiɗan, ya koyi waƙoƙin da harshen Buduma, ya koyi ladubban da ke tare da su, har tsohon ya gamsu ya damƙa masa biram ɗinsa. Ba a daɗe ba Bukar Tar ya riga mu gidan gaskiya. Da Malam Barka ya yi jinkirin 'yan shekaru kaɗan, da an binne biram tare da mai shi.

Daga nan Malam Barka ya ɗauki biram ya shiga duniya da shi, tare da abokin aikinsa Umaru Adamu, gwanin duma da kalangu. A 2008 sun yi wasa a babban bikin kiɗe-kiɗen duniya na WOMAD a Ingila, a 2009 kuma aka fitar da faifansu a can. Malam Barka ya rasu a Yamai cikin watan Nuwamba na 2018. Allah ya jiƙansa da rahama. Amma saboda tafiyar nan da ya yi, yau duk wanda yake son jin amon biram zai ji, duk wanda yake son ganin yadda ake riƙe shi zai gani.

To, mene ne darasi a cikin duk wannan? A ganinmu shi ne, cibiyar Yamai ba ita ta ƙago gurmi ko sarewa ko biram ba. Dukkan mutanen da muka ambata, tushen iyawarsu daga hannun wani tsoho ko wata tsohuwa ya fito, ta hanyar nan da muka gada, wato yaro ya zauna kusa da gwani yana kallo yana kwaikwayo. Abin da makaranta ta ƙara shi ne abu uku. Ta ba gwani da mai koyo inuwar da za su haɗu. Ta ba su mutunci, har mutum ya iya cewa kiɗa ne aikinsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Sannan ta sa an rubuta, an ɗauki murya, an adana. Haka abin yake a wasu ƙasashe ma. Alal misali a Mali, Habib Koite, wanda iyayensa makaɗan gado ne, ya gama makarantar fasaha ta ƙasa da ke Bamako a 1982, makarantar ta riƙe shi ya zama malamin jita a cikinta, kafin duniya ta san shi. Gado da boko ba kishiyoyi ba ne, hannun dama ne da na hagu.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce. Za su ce, "Mushe, yanzu kai da ya kamata ka hana yaranmu shiririta, kai ne kake tura su roƙo?" Wasu kuma za su kawo maganar addini. Game da addini, wannan fili ba na fatawa ba ne, muna da malamai a gari, kowa ya san ƙofar gidansu. Game da roƙo kuwa, gaskiya ne akwai masu ɗaukar ganga don tatsar jama'a da zambo da habaici, kuma ba su muke karewa ba. Amma kada haushin kaza ya huce a kan dami. Makaɗin gargajiya na ƙwarai shi ne ma'ajin tarihin gari. Shi ya san taken kowane gida, ya san wane ya haifi wane, ya san daga ina kakanninmu suka taso, ko Kabi ko Sakkwato ko Katsina ko Arewa, kafin fatauci ya zaunar da su a bakin kogin nan. Kowace sana'a kuma da kiɗanta: mahauta da kalangu, manoma da gangar noma ranar gayya, maƙera da nasu, 'yan dambe da 'yan kokawa da nasu. In ba don abin yana da daraja ba, da jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988 ba.

Kuma mu Hausawan ƙasar Benin, wannan magana ta fi shafar mu a kan 'yan'uwanmu na Kano ko Maraɗi. Su can, ko makaɗi ɗaya ya mutu akwai ɗari a bayansa. Mu nan tsiraru ne. Ɗanmu yana Faransanci a aji, yana Dandanci a kasuwa da filin ƙwallo, Hausa sai ya dawo gida, ita ma ta aike ce da ta cin abinci. Tsohuwar Hausa mai nauyi, ta kirari da take da karin magana, a bakin makaɗan nan ta rage. Duk ranar da aka ɗauki gawar ɗayansu, ba mutum ɗaya aka kai kushewa ba. Kowace unguwa tamu tana da nata Bukar Tar, yana zaune a gindin bango yana jiran wanda zai zo ya tambaye shi, har yau ba wanda ya zo.

Wani zai ce to sai mu tura yaran makarantar kiɗa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Makarantun irin wannan fanni a ƙasarmu suna can kudu, kamar makarantar wasan kwaikwayo da Alougbine Dine ya kafa a Togbin kusa da Kwatano, da sashen koyar da fasaha da al'adu na jami'ar Abomey-Calavi, tafiyar sama da kilomita 700 daga nan, kuma ba kalangu ko gurmi ne abin da ya dame su ba. Yamai ta fi kusa, amma kowa ya ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, lokacin da aka rufe gada. Ko da ƙasarmu ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024, ɗaya ɓangaren ya ci gaba da zama a toshe, jama'a suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Wannan ya koya mana cewa wanda ya dogara da rijiyar maƙwabci, wata rana zai kwana da ƙishirwa.

Saboda haka ga shawarwarinmu, kuma babu wadda take bukatar kuɗin Turai a ciki.

Na farko, wayar da ke aljihun kowane saurayi a yau ta fi na'urar ɗaukar maganar da masu bincike suke yawo da ita a shekarun 1990 ƙarfi. Samarinmu su je wurin tsofaffin makaɗa da zabiyoyi, su gaishe su da ladabi, su nemi izini, su ɗauki kiɗan da waƙar, su kuma tambayi sunan kowane take da mai shi da dalilinsa, a rubuta a littafi. A ajiye a wuri fiye da ɗaya, domin waya tana faɗawa ruwa.

Na biyu, mu malamai, da yammacin Laraba ba a karatu. Me zai hana, da yardar shugaban makaranta da ƙungiyar iyayen yara, mu gayyato tsoho ɗaya ko da sau ɗaya a wata, ya zauna a kan kujerar malami, mu kuma mu koma benci tare da yara? In Malam Barka ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 don ya zama almajiri, mu namu tsofaffin suna bayan katangar makaranta.

Na uku, a biya su. Kada a kira dattijo ya ɓata yininsa a sallame shi da "Allah ya saka". Attajiranmu na kasuwa da shugabannin zango su sa hannu, ko jaka ɗaya ce kowane wata daga mutum goma, ta isa ta nuna wa yara cewa abin da tsohon nan ya sani yana da farashi.

Na huɗu, masu biki, ba mu ce ku kori mai amsa-kuwwa ba, shi ma abincinsa yake nema. Amma a kashe na'ura ko na sa'a ɗaya ne, a ba mai kalangu fili ya kaɗa taken gidan ango da na gidan amarya, yara su ji da kunnensu. Gidajen rediyon yankinmu masu shirin Hausa su ma su ba su ko minti goma sha biyar a mako.

Mu koma ga ɗalibinmu. Bayan kwana biyu mun kira shi gefe muka ba shi labarin Malam Maman Barka, kamar yadda muka ba ku yanzu. Muka ce masa ya riƙe karatunsa da kyau, domin da Barka bai yi boko ba da bai san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa a sami tallafi ba, kuma da bai durƙusa gaban tsoho ba da bokon bai tsinana wa biram kome ba. Sannan muka ba shi aikin gida: ya je wurin kakansa ya rubuto mana sunayen take goma da masu su. Ranar Litinin ya kawo ashirin da uku, ya ce tsohon ya ce a gaya wa Mushe ba a ko fara ba. Mun sa ya karanta su a gaban aji. Da ya kai na bakwai, sai yaron nan da ya yi masa gori ya ɗaga hannu ya ce wannan taken kakansa ne, ya taɓa jin tsohuwarsu tana faɗa. A wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana. Mai ƙorafi ko ƙarin bayani ya rubuto mana ta hannun edita, ƙofa a buɗe take. Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.